Gane Ƙwarin Rumbu ta Hanyar Zanen Jikinsu

Gabatarwa

A Kafanchan, Kagoro, Zonkwa da sauran sassan kudancin Kaduna, manoma da yawa kan ajiye masara da totuwarta tare da busasshen rogo. Ƙwarin da ke ɓata waɗannan amfanin gona ƙanana ne, tsawonsu bai wuce milimita 2 zuwa 5 ba, kuma launinsu kusan ɗaya ne. Abin da zai raba maka su shi ne zanen bayansu, wanda ya yi kama da kunyoyi da kwarin kunya a gona.

Yadda za ka duba

Ka kakkaɓe ƙwarin a kan farar takarda, ka sa gilashi mai ƙara girman abu sau 10, ka lura da waɗannan alamomi:

1. Ƙwaro mai dogon baki: fukafukansa na da layuka masu zurfi, cike da ƙananan ramuka, da ɗigo 4 jajaye.

2. Ƙaramin mai huda hatsi: kansa na ɓoye ƙarƙashin ƙirji, ramukan fukafukansa a jere suke, ƙarshen jikinsa kuma a zagaye yake.

3. Babban mai huda hatsi, wato Prostephanus truncatus: shi ma kansa a ɓoye yake, amma ƙarshen jikinsa kamar an datse shi da wuƙa, da ɗan tudu a kowane gefe.

Muhimmancin bambancewa

Na ukun ya fi ɓarna. Asalinsa daga Meziko da Amurka ta Tsakiya ne. An gano shi a Togo a 1984, a Nijeriya kuma a 1992. Yana yaɗuwa ta hanyar fataucin hatsi, yana mayar da masara da rogo gari, har itacen rumbu yana hudawa. Hodar pirimiphos-methyl da ke kashe mai dogon baki ba ta cika yi masa illa ba, sai an haɗa ta da permethrin ko deltamethrin. Idan ka yi kuskuren ganewa, ka yi asarar kuɗin magani da hatsin gaba ɗaya.

Abin yi

Idan ka ga ƙwaro mai datsattsen baya, ka ɓare masarar daga totuwa, ka shanya ta sosai, ka share rumbu, ka ƙone ragowar tsohon hatsi. Sannan ka zuba ƙwarin a kwalba, ka kai wa malamin gona mafi kusa da kai kafin ka sayi magani.