Wayar Ma'aikaci da Amanar da Ke Cikinta

A watan Agustan 2001 wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya. Yaron da aka raɗa wa suna a wannan shekara yau ya gama bautar ƙasa, yana zaune bayan kanta a banki, ko yana ɗibar jini a ɗakin gwaji na asibiti, ko yana tsaron shago a Kantin Kwari. Bai taɓa sanin duniyar da babu waya ba. Maigidansa kuwa ya san ta sarai, don ya bi layi a ofishin NITEL kafin ya yi magana da Legas. Yanzu su biyun suna neman abinci a inuwa ɗaya, kuma mafi yawan tsamar da ke tsakaninsu a kan abin da ke aljihun yaron take.

Ƙorafin manya sananne ne. Ka shiga ofis ka yi sallama, wadda za ta saurare ka idonta na kan TikTok, sai ka maimaita buƙatarka sau biyu. Laifi ne, amma mai sauƙin magani, kuma ba sabo ba ne. Kafin waya ma akwai masu ɓoye jarida a cikin fayil, da masu fita sallar azahar su dawo bayan la'asar. Abin da ya fi wannan nauyi, wanda ba a cika zancensa ba, shi ne batun mallaka. Waya ta ma'aikaci ce, da guminsa ya saya, layin ma da sunansa aka yi rajista aka haɗa da lambarsa ta NIN. To abin da aiki ya zuba a cikinta fa, na wane ne?

A kasuwa aka fi ganin wannan ƙiri-ƙiri. Yaron shago ya kwance sabuwar dila da safe, ya shimfiɗa atamfa da shadda da leshi a kan benci inda haske ya fi kyau, ya ɗauki hotonsu turmi-turmi, ya ɗora a sitatus ɗinsa na WhatsApp. Kafin azahar wata dillaliya daga Gusau ta zaɓi turmi shida, wani ɗan kasuwa daga Maraɗi ya turo saƙon murya yana neman ragi, kuɗi sun shigo ta taransifa, kaya sun tafi tasha an ba direba lambar mai karɓa. Alhaji na kan kujerarsa da carbi a hannu, bai ga fuskar ko ɗayansu ba, amma ciniki ya kankama, kowa ya ji daɗi. Kwanci tashi ranar sallama ta zo, ko kuma aka sami saɓani yaro ya bar shago. Wayar na aljihunsa, kwastomomin kuma suna cikin wayar.

"Alhaji, ai layin nawa ne. Ni na nemo mutanen nan ɗaya bayan ɗaya."

"Layi naka ne, ban musa ba. Amma da kayan wa suka san ka?"

Duk cikinsu babu maƙaryaci, shi ya sa irin wannan magana ke ba masu sulhu wahala. A da kwastoma rumfa ya sani da fuskar mai rumfa, yanzu lambar waya ya sani. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya ƙara dagula lamarin, domin a lokacin shaguna da yawa sun koma karɓar kuɗi ta asusun OPay ko Moniepoint na yaransu, tunda su ne suka iya. Kuɗin shago da na yaro suka gauraya a asusu ɗaya, kuma in dai haka ta faru, ko yaron waliyyi ne sai an yi masa kallon zargi ranar lissafi. Maganin ba shi da tsada: layin shago, wayar shago, asusu da sunan shago. WhatsApp Business, wanda aka fito da shi tun 2018, kyauta ne. Sai dai mutanenmu na jin nauyin tayar da wannan magana tun ana shiri, suna ganin kamar rashin yarda ce, alhali ita ce ke hana a rabu baram-baram.

A asibiti da banki abin da ke shiga wayar ya fi lambar kwastoma haɗari. Ma'aikaciyar jinya sabuwar ɗauka ta ɗauki hoton kanta cikin fararen kaya a ranarta ta farko a ɗakin haihuwa, don 'yan uwa su taya ta murna. Ba ta lura ba, a gefen hoton ga katin wata majinyaciya, suna da ciwo duk a rubuce, a bayanta kuma ga wata mata kwance ko ɗankwali babu. Ba ta nufi kowa da sharri ba, amma ta fitar da sirrin mutum biyu da ba su ba ta izini ba. Dokar kare bayanan jama'a da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kariyarsu, ta kuma kafa hukumar NDPC don bin diddigi. Babban kamfanin da ya yi sakaci zai iya biyan tarar naira miliyan 10, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. Kamfani da kuɗi zai biya, wanda ya ɗauki hoton kuwa da aikinsa.

Ma'aikatan gwamnati su ma dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan daram, ko da yake a yau takarda mai hatimin sirri kan gama zagaye guruf-guruf kafin ta isa hannun wanda aka rubuta wa. Ba ina cewa a rufa wa ɓarawo asiri ba ne. Tona almundahana na da hanyarta, gwamnatin tarayya ma ta fito da tsarin kwarmata bayanai a Disambar 2016. Amma yawancin masu yaɗa takardun ofis ba ɓarawo suke bi ba, so suke a ce su ne suka fara gani.

Akwai kuma wata ƙofa da ta buɗe tun fitowar ChatGPT a ƙarshen Nuwambar 2022. Matashin ma'aikaci ya gano cewa wasiƙar da ke cin masa awa guda za ta fito tsaf cikin minti biyu, kuma ba na ganin laifinsa. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da yake liƙawa a ciki: jerin albashin ma'aikata, takardar kwangila, sunayen masu bashi. Duk abin da ka liƙa ya bar kwamfutarka, ya tafi rumbun wani kamfani a wata ƙasa. A 2023 wasu injiniyoyin kamfanin Samsung a Koriya ta Kudu sun zuba bayanan sirrin aikinsu a ciki don neman gyara, abin da ya sa kamfanin ya hana amfani da irin waɗannan manhajoji a na'urorinsa. Mai son taimakon manhajar sai ya cire sunaye da alƙaluma tukuna.

Wani lokacin ma ba kai za ka fitar da amanar ba, sace ta za a yi. Wani zai kira ka da murya mai ladabi, ya ambaci sunan guruf ɗin ofishinku, ya ce akwai taro ta intanet da ƙarfe takwas, an turo maka lamba shida, ka karanto masa ya sa sunanka. Wannan lambar ita ce makullin WhatsApp ɗinka. Kana karantawa ya ƙwace shi, ya shiga bin abokan aikinka da kwastomominka da sunanka yana neman rancen gaggawa. Saka lambar sirri ta biyu a cikin manhajar ba ya cin minti uku, kuma yana toshe wannan hanya.

Game da abin da ma'aikaci ke rubutawa a shafinsa, matasa kan ce shafina ne, ra'ayina ne. Haka ne, amma magana zarar bunu ce. A Disambar 2013 wata jami'ar hulɗa da jama'a ta wani kamfanin Amurka ta rubuta baƙar raha kan Afirka da cutar ƙanjamau a Twitter, ta hau jirgi daga Landan zuwa Afirka ta Kudu. Mabiyanta ba su kai 200 ba. Kafin jirgin ya sauka duniya ta gama karanta maganar, ba a jima ba kuma aka sallame ta. Habaicin da ka yi wa shugabanka a sitatus, wanda kake zaton zai ɓace bayan awa 24, wani ya riga ya ɗauki hotonsa.

Sai dai rashin adalci ne a ɗora wa matasa kayan duka, domin kamar yadda sirrin ofis ke fita ta waya, haka ofis ke kutsawa gidan ma'aikaci ta cikinta. Tun Maris ɗin 2020, lokacin da korona ta sa gwamnatin tarayya ta umarci ma'aikata daga mataki na 12 zuwa ƙasa su yi aiki daga gida, shugabanni suka ɗanɗana daɗin aike ta waya, kuma ba su daina ba. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare saƙo zai faɗo guruf: "Yallaɓai yana son rahoton nan kafin safiya." Alamar shuɗin nan biyu ta nuna ka gani, ba damar cewa kana barci. Sai ka amsa da "To, ranka ya daɗe," ka tashi ka nemi caji. Faransa ta ɗauki wannan da muhimmanci, har daga 1 ga Janairun 2017 doka ta wajabta wa kamfanonin da ma'aikatansu suka kai 50 su zauna da su a tsara lokacin da ma'aikaci ke da 'yancin kashe wayar aiki. Mu kuwa ko kuɗin data ba a cika biya ba. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun Yulin 2024, a Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin 100 a farashinsu. Taron Zoom na awa biyu daga aljihun ƙaramin ma'aikaci yake fita.

Ga kuma aikin da ba ya cikin takardar ɗaukar aiki. "Kai da ka iya kwamfuta, zo ka duba mini." Da haka yaron da aka ɗauka akawu zai zama mai ɗaukar hoto, mai tsara sanarwa, mai kula da shafin Facebook na makaranta ko kamfani, ba ƙarin sisi. Da imel ɗinsa aka buɗe shafin, lambar sirrin tana kansa shi kaɗai. Ranar da ya sami wani aikin, ko ya tafi da fushi, shafin da mabiyansa sun bi shi, sai a shiga kiran waya ana haɗa shi da Allah da Annabi.

Takarda shafi ɗaya ta isa ta raba yawancin wannan gardama, in an rubuta ta tun ranar da aka ɗauki mutum aiki: abin da ba a ɗaukar hotonsa, ƙarfe nawa saƙon ofis ke tsayawa in ba gaggawa ba, wa ke biyan data, da layin da kwastoma zai riƙa kira. Shafin ma'aikata kuma a buɗe shi da imel ɗin ma'aikata, a sa masu kula da shi mutum biyu, lambar sirrinsa ta shiga cikin kayan da ake miƙawa ranar barin aiki tare da makullin ofis da katin shaida.