Abin da Koren Ganye Ya Faɗa Game da Itaciyar Wollemi

A shekarar 1994 wani ma'aikacin gandun daji mai suna David Noble ya yi kiciɓis da wasu baƙin itatuwa cikin wani kwazazzabo mai zurfi a gandun Wollemi, arewa maso yamma da birnin Sidni na ƙasar Ostareliya. Kafin wannan rana, masana ba su san irinsu ba sai ta burbushin da ya daskare cikin duwatsu. Manyan da ke raye a dawa kuwa ba su kai 100 ba.

To, a cikin kowane koren ganye akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ake kira kuloroplas, waɗanda da su ne tsiro yake sarrafa hasken rana ya zama abinci. Abin sha'awa a nan shi ne, kuloroplas yana da ɗan kundin gado nasa na kansa, watau DNA, dabam da babban kundin da ke tsakiyar ƙwayar halitta. Saboda gajartarsa ya fi sauƙin karantawa. An fara karanta na ganyen taba tun 1986 a Japan. Na Wollemi kuwa an bayyana shi a 2015, mai haruffa kimanin dubu 145.

Mai karatu zai iya cewa, ina amfanin wannan wahala? Ga shi. Binciken farko ya kasa samun wani bambancin gado tsakanin itatuwan, kamar dai duk daga reshe ɗaya aka dasa su. Wannan kuwa babban hatsari ne, domin cutar da ta kayar da ɗaya tana iya kayar da saura. Ba tsoron banza ba ne, don a 2005 an ga wata cuta mai ruɓar da saiwa a wurin, galibi ana zaton takalman masu shiga a ɓoye ne suka kai ta.

Amma da aka gwama cikakken kundin kuloroplas na itatuwa dabam-dabam, sai 'yan bambance-bambance ƙalilan suka fito. A ganina nan ne ainihin ribar aikin take, domin masu dashe sun san cewa ba kowane reshe ne yake wakiltar saura ba, tilas a ɗebo daga kowane gida. Gobarar daji ta 2019 zuwa 2020 ta iso har bakin kwazazzabon, sai da 'yan kwana-kwana suka sauka daga jirage masu saukar ungulu suka jiƙa ƙasar kafin itatuwan su tsira.