HUTU A BAKIN TEKUN JIDDA DA KWANAN SAHARA: ABIN DA MAIGIDA ZAI SANI KAFIN YA FITA DA IYALI

 

'Yan uwa masu bibiyar wannan zaure, dogon hutun makarantu ya zo, kuma tambayoyin da ake turo min sun karkata wuri guda. Wasu za su tafi Umara da iyali, bayan an gama ibada a sauka Jidda a kai yara bakin teku. Wasu kuma abokansu mazauna can sun yi musu alkawarin kwana a sahara, abin da mutanen ƙasar ke ce wa kashta: a kafa tanti, a gasa nama, a sha gahawa, matasa su hau babur mai ƙafa huɗu su yi ta hawa tudun rairayi. Tambayar dai ita ce: Malam, wannan ya halatta? Kuma wane magani za mu tafi da shi?

Halas ne, matuƙar an kiyaye sallah da al'aura. Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha a cikin tafiya, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito. Gaɓar nan ta Bahar Maliya ma sahabbai sun taka ta: Bukhari da Muslim sun kawo labarin Abu Ubaida da mutum 300 da guzurinsu ya ƙare har suka koma cin ganye, sai teku ta jefo musu wani ƙaton kifi mai suna Anbar, suka yi kwanaki suna ci. Fita shan iska tana sassauta ƙirji, tana motsa jini, tana ƙara danƙon zumunci.

Batun magani kuwa, bari in ba ku labari tukuna.

ABIN DA YA FARU A GABANA

Shekarun baya wani almajirina da ke zaune a Jidda ya ɗauke mu zuwa sahara, ni da wani abokina ɗan kasuwa mai hawan jini. Maimakon mu fita bayan La'asar, sai ɗoki ya sa muka fita da hantsi. Abokin nan nawa shayi kawai ya sha tun safe. Wajen azahar motar ta kafe a rairayi, muka fito turi. Can sai na ji yana kiran sunan yaron shagonsa na Kano, yana faɗa wai a rufe ƙofa. Ya yi tangaɗi ya zube. Na taɓa jikinsa, kamar tukunyar da aka sauke yanzu.

Wani daga cikinmu ya ce gamo ya yi, a kawo turare a yi masa hayaƙi. A jakata akwai habbatus sauda, akwai zuma, akwai man zaitun. Wallahi ko ɗaya ban buɗe ba. Muka ja shi inuwar mota, muka cire masa riga, muka yi ta kwara masa ruwa muna fifita, muka kwashe ƙanƙarar kular lemo muka cusa masa a hammata da wuya. Ina karanta Fatiha, hannuna yana zuba ruwa. Da Allah Ya kawo wata mota ta ja mu, asibiti muka nufa kai tsaye, ya kwana biyu ana ƙara masa ruwa. Likitan ya ce sanyaya jikin da aka yi da wuri shi ne sababin da ya tashi.

Fiye da shekara talatin ina harkar saiwa da ganye, amma ina gaya muku: bugun zafin rana ba shi da saiwa. Maganinsa ruwa da inuwa da asibiti. Wannan kuma bai fita daga sunna ba, domin Annabi (SAW) ruwa ya yi umarni a sanyaya zafin zazzaɓi da shi.

ZAFIN CAN BA IRIN NAMU BA NE

Kar ka ce ai ni ɗan Sakkwato ne ko ɗan Maiduguri, na saba da rana. Yuli da Agusta a gida damina ce, jikinka ya saki, ya saba da sanyi. Kana sauka Jidda kuma tsakiyar bazararsu ce. Jiki yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da sabon zafi, kai kuwa duka kwanakin naka ba su wuce haka ba.

Sannan zafin bakin teku mai laima ne. Gumi ba ya sanyaya mutum sai in ya bushe a kan fata. Inda iska ta cika da tururin ruwa, gumin sai dai ya yi ta tsiyaya, kana asarar ruwa da gishiri, jikin bai huce ba. A sahara kuma akasin haka ne: gumin yana bushewa tun kafin ka gan shi, sai ka ɗauka ba ka yi gumi ba, alhali mai motsa jiki a irin wannan zafi yana iya zubar da lita guda a cikin awa ɗaya.

A watan Yunin 2010 zafi ya kai digiri 52 a Jidda. A Hajjin 2024 ya kai 51.8 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya da kansu suka sanar da rasuwar mutum 1,301, mafi yawansu waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana ba mafaka. Ƙasar ta hana sa ma'aikata aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. To in an hana lebura mai neman abinci tsayawa a wannan rana, me zai kai ka da 'ya'yanka wasa a cikinta? Sallar Azahar ma, duk girmanta, Annabi (SAW) ya ce a jinkirta ta idan zafi ya tsananta har gari ya yi sanyi.

Saboda haka lokacin fita biyu ne: bayan Asuba zuwa hantsi, ko bayan La'asar sakaliya zuwa dare.

ALAMOMIN DA ZA A LURA DA SU

Matakin farko: gumi mai yawa, ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ɗaurewar jijiyar ƙafa, fitsari kaɗan mai duhu kamar shayi. A kai shi inuwa, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a jiƙa jikinsa, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Haɗin shi ne: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kar a ƙara gishirin.

Mataki na biyu shi ne mai kisa: jiki ya yi zafi rau, mutum ya fara sambatu, ko faɗa ba dalili, ko tangaɗi, ko farfaɗiya, ko suma. A kira motar asibiti nan take, lambarta a Saudiyya 997, a yankin Makka da Jidda kuma 911 ma tana aiki. Kafin su iso a yi ta kwara ruwa ana fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi. Wanda ba ya cikin hayyacinsa kar a ɗura masa komai a baki, ko da zamzam ne, sai dai a zuba masa a jiki, a kwantar da shi ta gefe. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi. Hayaƙi kuwa ƙara masa azaba ne.

A BAKIN TEKU

1. Nutsewar yaro ba ta da ihu. Ba ya samun numfashin da zai kira ka, shiru kawai za ka ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne ke mutuwa a ruwa duk shekara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Idan ana hira da abokai, kowa yana zaton wani na kallon yaran. A naɗa mutum ɗaya da suna, ya ajiye waya, in ya gaji ya miƙa wa wani baki da baki. Ƙaramin yaro kar ya wuce inda hannunka zai kai.

2. Iya iyo a kududdufi ko a dam ba shi ne iya teku ba. Akwai wuraren da ruwa ke komawa ciki da ƙarfi kamar kwata. In ya ja ka, kar ka yi kokawa da shi. Ka yi iyo ta gefe, kana bin tsawon gaɓa, har ka fita daga jan, sannan ka nufo tudu. A yi wanka inda aka keɓe kuma akwai masu ceto, a girmama allon hani da jar tuta. Mai hawa kwalekwale ko babur ɗin ruwa a Abhur ya sa rigar kariya, ko ya iya ruwa.

3. In wani na nutsewa, jefa masa igiya ko jarka mai murfi ka kira masu ceto. Sau da yawa mai faɗawa ceto ba da horo ba shi ne gawa ta biyu. In an fito da shi ba ya numfashi, a hura masa iska a baki a danna tsakiyar ƙirji. A daina danna ciki ko juya yaro kai ƙasa wai a zubar da ruwa. Ko ya farfaɗo a kai shi asibiti.

4. Ruwan teku yana tsarkakewa, ana alwala da shi, hadisin Abu Huraira a Muwaɗɗa ya tabbatar. Amma ba a shan sa. Gishirin Bahar Maliya ya kai wajen giram 40 a lita, ya fi na yawancin tekuna, kuma ƙoda sai ta fitar da ruwan da ya fi wanda ka sha kafin ta rabu da gishirin.

5. A sa takalmin roba, saboda kaifin murjani da ƙayar bushiyar teku. In ƙaya ta soke ka, tsoma ƙafar a ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure, minti 30 ko fiye. Akwai kuma wata halitta mai kama da farar leda, Larabawa na ce mata ƙindilul bahri. In ta taɓa fata a wanke da ruwan teku, ban da ruwan gora, ban da gogewa. In numfashi ya fara sarƙewa, asibiti.

A SAHARA

1. Ban da tafiya kai kaɗai, ban da mota ɗaya. Annabi (SAW) ya tsoratar da tafiyar dare ga mutum shi kaɗai, ya kuma ce mutum uku in sun fita su shugabantar da ɗayansu. Baƙo makaho ne ko da ido, a tafi da ɗan gari. A gaya wa wani inda aka nufa da lokacin dawowa.

2. Ruwan sha kar ya gaza lita 6 ga kowane babba a yini, a ƙara da na ko-ta-kwana. Alwala tana da madadi, ga rairayi nan mai tsarki a yi taimama in ana tsoron ƙishirwa. Ƙishirwa ita ce ba ta da madadi.

3. In mota ta kafe ko ta lalace, a zauna a inuwarta. Mai nema ya fi saurin hango mota a kan mutum. Kuma kar a bar yaro a rufaffiyar mota ko na minti biyar.

4. Kar a sauka a kan hanya ko bakin rami. Muslim ya ruwaito hanin yada zango a kan hanya da dare domin nan ne mabiyar dabbobi da miyagun ƙwari. A karanta addu'ar sauka a masauki wadda Khaula bint Hakim ta ruwaito, a kakkaɓe shimfiɗa, a zazzage takalmi da safe.

5. Saran maciji: ban da tsaga, ban da tsotsa, ban da ɗaure ƙafa tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti. Harbin kunama ga yaro ma asibiti ne, ba a jira a gani. Ruƙya da Fatiha ta tabbata daga Abu Sa'idul Khudri, a yi ta a cikin mota ana tafiya.

6. Kar a shigar da garwashin gawayi cikin rufaffen tanti. Iskarsa ba ta da wari, a cikin barci take kashewa.

7. Mai hawa babur ya sa hular kwano, kuma ƙaramin yaro ba ya tuƙi. Bayan tudun rairayi yakan zama gangare mai tsayi wanda ba a gani sai an kai kansa.

GUZURIN DA NAKE BA DA SHAWARA

Kankana da ɗanyen dabino, ko kokwamba da dabino, dukansu an ruwaito Annabi (SAW) yana haɗawa. Nono da ɗan gishiri. Jiƙon tsamiya. Jiƙon dabino, a jiƙa da dare a sha da safe, kar a bar shi ya wuni a zafi ya fara tsami. Zoɓo mai sauƙin sukari yana da kyau, amma yana sauke jini, mai shan maganin hawan jini ya taƙaita. A sha ruwa a zaune, da numfashi uku, tun kafin ƙishirwa ta zo. A rage lemon kwalba mai zaƙi. Man kaɗanya ga leɓe da dunduniya, malafa ko lema, da farar riga mai yalwa.

Tsoho, mai juna biyu, jariri, mai ciwon zuciya ko ƙoda, da mai shan maganin da ke sa yawan fitsari, su ne zafi ke fara kayarwa, su ga likitansu kafin tafiya. Mai ciwon sukari kar ya taka rairayi ba takalmi, yana iya ƙonewa bai ji ba, kuma ya ajiye allurarsa a wuri mai sanyi.

Maigida, kai za a tambaya a kan waɗannan da ka ɗauko. Ka duba lokaci, ka ƙirga ruwa, ka ƙirga yara, sannan ka dogara ga Allah ku je ku sha iska.

Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya, Ya karɓi ibada. A tura wa duk wanda aka san zai yi tafiya a wannan hutu.