Reshe ɗaya da kaskon ruwa: yadda ake gayyatar tsuntsu gaban kyamara

Wanda ya ga hoton tsuntsu a mujalla, yana zaune ɗas a kan reshe mai fure, ido yana ƙyalli, bayansa kore shar babu tarkace, sai ya ɗauka mai hoton ya kwana a daji ne. Sau da yawa a bayan ɗakinsa ya ɗauka. Reshen ma shi ya yanko ya ɗaure a jikin sanda, abincin da ya jawo tsuntsun kuwa yana nan gefe kaɗan, inda kyamara ba ta kama ba.

Dabarar ta jingina ne ga wata ɗabi'a da duk mai shanya hatsi a tsakar gida ya sani. Ƙaramin tsuntsu ba ya faɗa wa abinci kai tsaye. Sai ya fara sauka a wani wuri mai ɗan tudu, kan katanga ko igiyar shanya, ya karkata kai ya dubi sama ko da shaho, ya leƙa ƙasa ko da kyanwa, sannan ya dira. Tsayuwar ba ta wuce ƙiftawar ido biyu zuwa uku, amma a cikinta ake samun hoton. Aikin mai hoto shi ne ya zaɓa wa tsuntsun inda zai yi wannan tsayuwa.

A Ingila wannan sana'a ta daɗe da kafuwa, domin ciyar da tsuntsaye a lambun gida al'ada ce a can. Tun 1979 ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB take shirya ƙidayar shekara-shekara a ƙarshen Janairu, inda mutum zai zauna awa ɗaya yana lissafa tsuntsayen da suka sauka a gidansa. Tun kafin nan, wasu 'yan'uwa biyu, Richard da Cherry Kearton, sun fitar da littafi kan sheƙun tsuntsayen Birtaniya a 1895, wanda aka ƙawata da hotunan kyamara zalla. Su ne suka sa aka ɗinka musu fatar sa a kan firam, ɗayansu ya shige ciki da kyamara, tsuntsaye suna kiwo a gabansa suna zaton dabba ce. Maharbin ƙasar Hausa da ke ɗaura kan burtu a goshi ya sunkuya yana tunkarar nama ba zai ga baƙon abu a nan ba.

A wajenmu, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi ke kan ganiyarsa, ruwa ya fi hatsi kiran tsuntsu. Kasko marar zurfi ya isa, a jefa tsakuwa biyu a ciki don ƙanana su samu wurin taka ƙafa, a ajiye shi kusa da wata bishiya ko shinge da za su ruga in sun firgita. A barbaɗa ɗan gero a gefe. Kwanakin farko ba a fito da kyamara. Kurciya ce kan fara zuwa, sai gwara, sai baiwar Allah, 'yar mitsitsiyar nan da namijinta yake ja. Idan sun saba da wurin har sun san lokacinsa, sai a kafa reshe.

Nan ne gwaninta take. Reshen ya zama guda ɗaya tak, ɗan sama da kaskon, domin in aka yi musu yawa kowa zai sauka inda ya ga dama. Kaurinsa ya dace da ƙafar baƙon: baiwar Allah a kan gungume sai ta ɓace, siririn tsinke kuwa ba zai ɗauki kurciya ba. A juya gefen da aka sare ya kalli baya, don farin tabon adda yana tona asiri. In reshen mai ganye ne, a tsoma gindinsa a gorar ruwa kada ya yi yaushi kafin hantsi. Kuma a zaɓi itacen da tsuntsun ya saba hawa a yankin, kamar magarya, aduwa ko bagaruwa. Mai idon sani yana ganin tsuntsun fadama a kan reshen da ba ya fitowa a fadama zai gane an yi shiri.

Abin da ke bayan reshen ya fi reshen wahalar gyarawa. Idan katanga ko ganyaye suna dab da shi, za su fito raɗau su cinye hoton. In an matsar da reshen taku goma ko fiye daga gare su, sai su narke su zama launi ɗaya mai laushi. Rana ta kasance a bayan mai hoto, da sassafe ko bayan la'asar. Ya zauna daidai tsayin reshen, bayan zana ko labulen taga, ya saita kyamara a kan ido. Gilashi mai jawo nesa na milimita 300 zuwa 400 yana taimakawa, sai dai ba don tsawo akan ga wata ba. Zama shiru ya fi tsadar kaya aiki.

Gayyata tana da nauyi a wuyan mai gida. A Birtaniya, tun wajen 2005 wata cutar maƙogwaro da ke yaɗuwa a wuraren ciyarwa ta yi wa wani koren tsuntsu da ake kira greenfinch mummunar ɓarna, har a 2021 aka sa shi cikin jerin waɗanda ake tsoron ƙarewarsu a ƙasar. Tara tsuntsaye a kwano ɗaya marar tsabta shi ne hanyar cutar. Don haka a zubar da ruwan jiya kullum, a goge kaskon ya sha rana, a share ragowar hatsi. A nisanci sheƙa, a kuma ja kunnen yaran gida masu danƙo.

Sannan duk wanda ya koya wa tsuntsaye shan ruwa a gidansa a tsakiyar bazara, kada ya kife kaskon ranar da ya samu hoton da yake so. Gobe da sassafe za su sauka a kan reshen nan, su karkata kai su duba. Ya bar musu ruwan har damina ta sauka.