Gorar Kunu da Ruwan Ƙanƙara

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damargu kan haura digiri 40, babu hajar da ta kai abin sha mai sanyi kasuwa a Tanut, musamman a bakin hanyar Damagaram zuwa Agadas, inda mata kan ɗura kunun zaki da zoɓo a gorunan roba su tsoma su cikin ruwan ƙanƙara. Sai dai akwai wata illa ɓoyayya cikin wannan sana'a wadda ta cancanci bayani.

Asalin al'amarin wata ɗabi'a ce da Allah Ya halicci iska da ita, wato idan ta ji zafi ta buɗe, idan ta ji sanyi ta takure, kuma masanin nan na Faransa, Gay-Lussac, ya auna miƙidarin haka ya wallafa a 1802. Bisa wannan ƙa'ida, iskar da ta rage a wuyan gora, in aka sauko da ita daga digiri 40 zuwa 5, takan rasa kimanin kashi 11 cikin 100 na girmanta. Idan kuwa kunun ya fara tsami, to, iskar da tsamin ya haifar ma sai ta narke ta koma cikin kunun, domin ruwa mai sanyi ya fi mai ɗumi riƙe ta. Gurbin da aka bari dole a cike shi. In murfi ya kama sosai, sai ka ga cikin gorar ya lotsa, wanda ba komai ba ne. Amma in murfin ya sha aiki har ya saki, alhali wuyan yana nutse, ruwan da hannaye suka yini suna shiga shi ne zai kutsa ciki, ba tare da launi ko ɗanɗano ya tona asirinsa ba.

Masu dafa giya a gida a ƙasashen Turai sun san wannan sarai, don sukan toshe bakin tulunsu da ɗan bututu mai ruwa, wanda iska ke fita ta cikinsa, kuma da zarar sun sanyaya tulun sai ruwan bututun ya zuƙe ya koma ciki. Mafi girman hujja kuwa ita ce abin da ya auku a birnin Abadin na Sikotilan a 1964, inda zazzaɓin taifot ya kwantar da mutum fiye da 400, aka bi sawu har zuwa gwangwanin nama daga Ajantina wanda aka sanyaya da ruwan kogi marar tsabta.

Maganin bai da tsada. A bar kunu ya huce sarai kafin a ɗura, a cika gora har kusa da baki don iskar ta ƙaranta, a jefar da murfin da zarensa ya cinye, sa'an nan a jera gorunan a tsaye, ruwan ƙanƙarar ya tsaya iyakar kafaɗarsu.