Ziyarar Birnin Kano

Mutanen Garun Mallam da Kura da Bunkure suna yawan zuwa Kano. Wasu su kai tumatir, wasu su kai shinkafa. Amma da yawa kasuwa kaɗai suka sani. In sun sayar sai su juyo gida. Wannan hasara ce, gama birnin cike yake da abubuwan tarihi.

In ka bi hanyar Zariya za ka ƙetare kogin Challawa a Tamburawa. Da ka matso birni sai ka ga ganuwa. Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta. Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya ƙara mata faɗi.

Ka fara da Masallacin Juma'a, kusa da gidan Sarki. Tun zamanin Rumfa ake da babban masallaci a Kano. Ginin da ke nan yanzu, mai koren tulluwa da hasumiya biyu, an yi shi zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Ka tuɓe takalmi, ka shiga da ladabi.

Daga nan ka wuce Gidan Makama. Tsohon gida ne na ƙasa, an mai da shi wurin ajiye kayan tarihi. Akwai rubutu a jikin kayan. Nan ne karatunka zai yi maka rana, ba sai ka roƙi wani ya karanta maka ba.

Sa'an nan ka duba sha'anin ruwa. Mu da muke ban ruwa daga madatsar Tiga mun san darajarsa. Mutanen dā rijiyoyi suka dogara da su, kafin a jawo ruwan famfo daga Challawa. Akwai kuma kududdufai, wato ramukan da aka haƙi ƙasar gini. Da damina su ke tare ruwan sama. An cike da yawa daga cikinsu an yi gidaje, shi ya sa ruwa kan rasa mafaka ya shiga unguwanni.

Ganuwar ma ta zube a wurare da dama. Abin da ka gani bana, watakila jikanka ba zai tarar da shi ba. Saboda haka ka tafi da ɗanka, ka nuna masa.

Tambayoyi
1. Wa ya fara gina ganuwar Kano?
2. Mene ne amfanin kududdufi?