Daskarewar jini a jikin masu ciwon ƙoda a Batsari da Safana

Siririyar fatar da ke shimfiɗe a cikin jijiyoyin jini tana sakin wani sinadari da likitoci ke kira tPA, wanda ke sa a narkar da gudan jini kafin ya toshe hanya. Idan ƙoda ta gaza, dattin da ya kamata ya bi fitsari sai ya taru a jini ya illata wannan fata. Jijiya ta rage sakin tPA, a jikin majinyata da dama kuma sinadarin da ke danne shi, wato PAI-1, ya ƙaru. Shi ya sa, ko da mai ciwon ƙoda yana haɓo, ake samun jini na daskarewa a hanyar da ake yi masa wankin ƙoda.

Auna ƙarfin jijiya na sakin tPA ba ya buƙatar tiyata. Ana ɗibar jini, a ɗaura abin awon hawan jini a damtse, a hura shi ya matse na minti 10 zuwa 20, sannan a sake ɗiba a kwatanta. Lafiyayyar jijiya takan amsa matsin da sakin tPA mai yawa. Wadda ta lalace ba ta taɓuka abin kirki. Wahalar tana bayan ɗibar: jinin na son sanyi, da injin tacewa nan take, da wutar da ba ta yankewa. Wannan aikin manyan asibitoci ne irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda aka fara dashen ƙoda a 2002.

Sai dai abin da ya fi kashe jijiyoyin mutanen Batsari da Safana shi ne zuwa asibiti a makare. Manomi mai hawan jini yakan yi shekaru yana shan diclofenac daga kemis saboda ciwon jiki, yana haɗawa da jiƙe-jiƙe. Hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu sun raba mutane da gonaki da dabbobin da akan sayar a yi jinya, sun kuma sa tafiya Katsina ta zama abin shawara. Kafin a kai manomin asibiti, ƙafafu sun kumbura, numfashi na sarƙewa. Babu lokacin haɗa masa jijiyar hannu don wankin ƙoda, wadda ke buƙatar makonni kafin ta yi ƙwari, don haka sai a soka roba a jijiyar matsematsi. Wankin da ya kamata a yi sau uku a mako ya koma sai ranar da dangi suka haɗa kuɗi. Kowace suka tana barin tabo, tabon kuma wurin taruwar gudan jini ne.

Akwai masu ganin tunda ana sa heparin, maganin hana daskarewar jini, a lokacin wanki, awon tPA ɓata kuɗi ne. Suna da hujja, domin sakamakonsa bai cika sauya maganin da ake bayarwa ba. Amma heparin hana sabon guda kawai yake yi, ba ya narkar da wanda ya riga ya kafu, kuma ba ya gyara jijiyar da ta lalace tun majinyaci yana ƙauye ba wanda ya auna masa hawan jini ko fitsari.